Rumfa a Ƙofar Ɗakin Maryama

Idan aka ce in ware rana ɗaya cikin duk shekarun da na yi ina aikin lafiya, ranar da ta ƙi barin raina, to wata Talata ce a ƙarshen damina, a wani ƙauye cikin gundumar Rawayau. Ku sababbin shiga aiki kun sha jin ina faɗa a kan duba jariri cikin duhu, har an gaya mini akwai wadda take kwaikwayon muryata da zarar na ba da baya. Ba komai, na yafe mata, na ma san ko wace ce. Yau dai zan gaya muku inda faɗan nan ya samo asali.

Sai na koma baya da shekara shida kafin Talatar, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya, wato matakin farko da ake ba wanda ya fito daga makarantar koyon aikin, aka tura ni ƙaramin asibitin ƙauyen. Ɗaki uku ne da baranda, sai wata bishiyar bedi, wato darbejiya, a tsakar fili. Mu biyu ne kacal, ni da incajinmu Malam Sani, mutum mai son ƙa'ida, wanda ko auduga ba ta barin sito sai ya sani. Mutanen ƙauye ba ruwansu da matsayi, duk wanda ya sa farin kaya likita ne. Iyalina suna Dutsin-Ma, don haka nakan kwana a ƙauye daga Litinin, ranar Juma'a in hau babur in koma gida.

A shekarata ta farko wata yarinya mai suna Maryama, matar wani manomi Malam Lawal, ta haifi 'yarta ta fari a gidan mahaifiyarta, Inna Indo. Ranar Alhamis, kwana uku da haihuwa, na je duba cibiya. Kun san ɗakin mai jego a ƙauye: an toshe taga da tsumma, an saki labule mai kauri, ga kaskon wuta a gefe. Na shiga da cocilata, mai irin hasken nan ja-ja, na duba cibiya na ga lafiya lau. Da na buɗe idon jaririyar sai na ga kamar ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Na faɗi abin da na taso na ji manya suna faɗi: shawara ce 'yar kaɗan, a riƙa sa ta a hantsi, za ta washe. Inna Indo ta ce, "To, likita." Ban tsaya na tantance ba ko "to" ɗin ta yarda ce ko ta sallamar baƙo. Maryama kuwa ta juya fuska ga bango, kamar yadda mai haihuwar fari take yi a gaban mutane, ni ma ban tambaye ta komai ba. Washegari na tafi gida hankalina kwance.

Ranar Litinin da na dawo na tarar an wuce da jaririyar Katsina. Ta daina kama nono, tana wani kuka mai tsini, tana banƙarewa. A can aka canja mata jini, Allah Ya sa da sauran kwana, ta rayu. Aka sa mata Zainabu, ana ce mata Abu. Sai da ta shekara aka lura ko an tafa hannu a bayanta ba ta waiwayowa. Shawarar ta hau kai, ta tafi da jinta.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba 'yan aikinmu ba. Jinin jariri yana fitar da wani abu mai launin ɗorawa, hantarsa kuma ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe shi da sauri ba. A yawancin jarirai yakan washe da kansa. A wasu kuwa yakan taru, idan ya yi yawa ya haura ƙwaƙwalwa, kuma ba ya saukowa sai ya yi ɓarna. Haske yana narkar da shi ya fita ta kashi da fitsari, wannan gaskiya ne. Amma tsirarar rana tana ƙona fatar jariri, tana dafa jikinsa, tana busar da shi, 'yan mintocin hantsi kuma ba su isa komai ba idan abin ya yi nisa. Maganar da na gaya wa Inna Indo ba magani ba ce. Izinin zama a gida na ba su, kuma da bakina.

Ba wanda ya taɓa tuhumata. Da ma an zage ni, da ya fi mini sauƙi. Duk ranar rigakafi Maryama takan zo da Abu a goye, ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ni kuwa in rasa inda zan sa idona.

Shekara ta biyar da faruwar haka, bayan an ƙara mini girma zuwa babbar ma'aikaciya, wata likitar yara ta tara mu a Dutsin-Ma ta koya mana wata dabara. A babban asibiti ana kwantar da mai shawara ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila, amma fitila sai da wuta, mu kuwa a ƙauye ko waya sai an kai caji shago. Dabarar ita ce rumfa: ƙarafa huɗu da rufi, an liƙa wa rufin wata leda ta musamman, mai kama da wadda ake sa wa gilashin mota. Ledar tana tare abin da yake ƙona fata da yawancin zafin, ta bar hasken da ake so ya wuce. Likitar ta ja mana kunne sosai. Ba kowace leda ba ce. Ba a sa jariri sai an auna jininsa an ga lambarsa. Wanda shawara ta kama tun ranar haihuwa, ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, ko ya ƙi nono, wannan ba na rumfa ba ne, na babban asibiti ne nan take. Aka ba asibitinmu guda ɗaya. Malam Sani ya kafa ta a gefen baranda, yana goge ta kullum kamar sabon babur.

Yanzu mu zo kan Talatar. Bayan Abu, Maryama ta yi ɓari har sau biyu, sannan Allah Ya ba ta ɗa namiji ranar Asabar, a ɗakin mijinta. Inna Indo ta taso ta zo yi mata wankan jego. Da sanyin safiya na isa gidan. Taga a toshe, labule a sake, hayaƙi yana fitowa ta ƙasan ƙofa, kamar an ɗauko waccan Alhamis an ajiye mini. Na yi sallama, muka gaisa, amma na ƙi shiga.

Na ce, "Inna, a miƙo mani shi nan bakin ƙofa."

Ta ce, "Haba likita, ɗan kwana uku? Ko suna ba a raɗa mashi ba. Shigo mana, ga tabarma."

Na ce ba zan fitar da shi ba, labule kawai za a ɗaga. Na zauna a dokin ƙofa, ƙafafuna a waje, aka ɗora mini shi a cinya. Na danna kan hancinsa da yatsa na ɗaga, wurin ya fito ɗorawa shar. Na danna ƙirji, haka. Na sauka har cibiya, haka. Tafin hannu da na ƙafa ne kawai suka rage da kyau, kuma an ce yana kama nono. Kayansa suna ƙanshin kafur, don a akwati ɗaya aka adana su tun ana goyon ciki. Na sa aka cire su aka sauya wasu, saboda kafur yana ƙara wa wasu jarirai shawara. Na tsaga dunduniyarsa na ɗebi jini a 'yar kwalba, na naɗe ta da baƙar takarda don haske yana ɓata awon, na damƙa wa Malam Lawal. Na ce ya sa a aljihun gaba, kada ya tsaya gaisuwa da kowa sai ya kai wa likitar nan a Dutsin-Ma.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da likitar ta kira ni. Ta ce, "Sista, lambar ta hau, amma ba ta kai ta canjin jini ba. Fitilarmu da jarirai biyu a ƙarƙashinta, wutar ma kin san halinta. Ki sa shi a rumfa yanzu, gobe da safe a sake aunawa. Idan ta ƙaru, ko ya ƙi nono, kada ki sake kirana, ku wuce Katsina."

Na koma na yi wa Inna Indo bayani dalla-dalla. Ta saurare ni har na gama, sannan ta gyara ɗaurin zane ta ce ba inda za shi.

"Ki ɗauki jinjiri ba suna, ki ratsa gari da shi, ki tuɓe shi tsirara a filin asibiti, mai zuwa awo ta gani, mai zuwa allura ta gani? Ciki biyu ɗiyar nan ta rasa, likita. Mi kike tsammani ya ci su in ba baki ba? Wannan ba ya ganin sarari sai ya kwana bakwai."

Kada ku ɗauka muguwa ce ko jahila. Tsohuwar nan tsaron jikanta take yi da iyakar abin da ta sani, kuma tsoronta na gaske ne. Na yi lallashi, na kawo misalai, ko gezau. Da na ga dabara ta ƙare sai na faɗi abin da na shekara shida ina haɗiyewa. Na ce, "Inna, ranar da na duba Abu, ni na yi kuskure. A duhu na duba ta, na ce ƙarama ce, alhali ba ƙarama ba ce. Da na fito da ita haske, da na tura ku asibiti tun ranar. Kada ki bari in sake yi."

Ta dube ni da tausayi, ta ce, "Abin Abu rubutacce ne, likita. Daina ɗora wa kanki." Wato ta yafe mini, amma ba ta matsa daga ƙofar ba.

Sai muka ji murya daga cikin ɗaki. Maryama ce, wadda tun da na san ta ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban mahaifiyarta ba.

Ta ce, "Inna, waccan ni na fara gani. Tun tana kwana biyu na ga idonta ya canza, na ga tana sakin nono. Kunya ta hana ni in faɗi, kar a ce na damu da ɗiyar fari. Wannan ba ɗan fari ba ne. Zan yi magana, kuma in ba a kai shi ba ni zan ɗauke shi da kaina."

Inna Indo ta sunkuyar da kai, ta share ido da bakin mayafi. Can sai ta ɗago ta tambaye ni, cikin faɗa-faɗa, "Ita rumfar taku, da siminti aka dasa ta?" Na ce a'a, kwancewa ake yi. Ta ce, "To mi ya hana a kawo ta nan?"

Wallahi ni da takardar shaidata wannan bai zo mini a rai ba. Na ruga asibiti. Malam Sani ya ce kayan gwamnati ba sa kwana a gidan mutane, gobe wani ma zai ce a kai masa gadon haihuwa. Na ce ya kira likitar ya ji. Ta ce ta yarda, da sharaɗin ba zan gusa daga gindin rumfar ba muddin jariri yana ciki. Malam Sani ya yi ta gunaguni, amma shi ya kwance ƙarafan da hannunsa, ya ɗora a amalanken shanu, ya bi ta a ƙasa yana yi wa mai shanun faɗa kada leda ta yage.

Muka kafa ta daidai ƙofar ɗakin, taku biyu daga dokin ƙofa. Malam Lawal ya kewaye ɓangaren zaure da zana don kada mai shigowa ya gani, na sa ya bar sarari ta ƙasa saboda iska. Inna Indo ta ɗauko kujerarta ta 'yar tsuguno ta dasa a bakin zana. Duk maƙwabciyar da ta zo barka sai ta tare ta da fara'a, ta karɓi gaisuwa, ta ce mai jego tana barci. Ban taɓa samun mai gadi irinta ba.

Aikin rumfa ba kwantarwa a tafi ba ne. Na tuɓe shi, na bar masa ɗan ƙyalle a gindi, na rufe idanunsa da baƙin yadi mai taushi. Kowace awa sai na sa ma'aunin zafi a hammatarsa. Idan jiki ya ɗumama in shimfiɗa masa tawul mai ɗan danshi, idan bai sauka ba in mayar da shi ɗaki ya huce. Kowace awa biyu a ba shi nono, ko yana barci a tashe shi. Ba ruwa, ba jiƙo, ba zuma, nono zalla. Ina ƙirga sau nawa ya jiƙa ƙyalle. Maryama tana zaune a bakin ƙofa, hannunta ɗaya cikin rumfa yana riƙe da ƙafarsa. Abu kuma, lokacin tana da shekara shida, ta samu gefe ta zauna tana kallon ƙanenta da baƙin ƙyalle a ido, tana dariyarta marar sauti.

Awon Laraba ya dawo, lamba ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Likitar ta ce a ci gaba. Da azahar sai hadari ya taso daga gabas. Lokacin dawa ta fitar da kai, manoman ƙauyen kaf suna jiran ruwan ƙarshe. Malam Lawal ya tsaya tsakar gida ya ɗaga kai, ya ce, "Likita, tun da nike ban taɓa roƙon Allah Ya kore hadari ba sai yau. Kar dai ki gaya wa mutanen gari." Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ruwa ya sauko, muka kwashe yaro zuwa ɗaki, rabin yini ya tafi a banza. Na zauna a ƙofa ina kallon sama. Ni da na saba tsine wa zafin rana a kan babur, ban taɓa marmarin wani abu kamar yadda na yi marmarinta a yammacin nan ba.

Alhamis gari ya waye tas. Na ɗebi jini, Malam Lawal ya hau babur, na ce wa Maryama ta ɗaure kayanta ko da za a wuce Katsina. Wayata tana hannuna ina jira. Da likitar ta kira, abin da ta fara cewa shi ne, "Ta sauka, Sista." Na ce ta maimaita. Ranar Juma'a lambar ta ƙara sauka, ƙirjinsa ya washe, sai ɗan saura a ido. A karo na farko tun da na kama aiki, Juma'a ta yi ban tafi Dutsin-Ma ba.

Da la'asar ɗin ranar muka shiga kwance rumfa, don gobe suna, ana bukatar fili. Ƙarfe ɗaya ya suɓuce daga hannun Malam Sani ya faɗa kan wani babban kwanon wanka. Ƙarar ta cika gidan. Jariri, yana cinyar uwarsa, ya zabura ya watsa hannuwa ya tsala kuka. Kowa ya firgita, har kaji suka watse. Abu kaɗai, da ta ba mu baya tana wasa da ƙasa, ba ta motsa ba.

Maryama ta rungume ɗanta tana dariya, hawaye yana zuba. Ta ce, "Ya ji. Likita, kin gani? Ya ji." Sannan ta juya ta kalli bayan Abu, ta daɗe tana kallo. Ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji, ta ce, "Kin san ban taɓa kiran sunanta ba? Ɗiyar fari ce, sai dai in ce yarinyar nan. Ina ta cewa sai ta girma, in mun keɓe mu biyu zan kira ta sau ɗaya. Yanzu kau ko na kira ba ta ji."

Na sunkuya na ɗauki ƙarfen da ya faɗi.

Washegari aka raɗa wa yaro Usman. Daga baya an gwada kunnensa a babban asibiti, lafiya lau. Yanzu yana makaranta, an ce surutunsa ya ishi kowa. Rumfar nan kuwa ta shiga gidaje da dama bayan nasu, har Malam Sani da kansa yake tambaya ko akwai inda za a kai ta.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Kada ku duba jariri sai a hasken rana, ko da a dokin ƙofa ne. Kada ku ce "a sa shi a hantsi" ku kama hanya, ku auna, ku san lambarsa. Idan tsohuwa ta tare ƙofa, ku tambaye ta abin da take tsoro, sau da yawa mafitar tana bakinta. Mai haihuwar fari kuma, wadda ta juya wa bango fuska, ku jira ɗaki ya watse ku tambaye ta a hankali. Ita ta fi kowa kallon ɗan nan, ba ta dai da izinin faɗa.

Yau na ajiye aiki, ina zaune a gidana a Dutsin-Ma. Ina kewar barandar nan da inuwar bedi, ina kewar gunagunin Malam Sani, da Inna Indo, Allah Ya jiƙanta, a kan kujerarta ta gadi. Maryama takan biyo ta gidana idan ta shigo gari, da Abu a gefenta, ta zama budurwa, tana ɗinkin hula mai kyau. Takan gaishe ni da hannu, in amsa da hannu. Idan sun tafi nakan zauna a tsakar gida har hantsi ya dushe. Ba Talatar nake tunawa ba a lokacin, ita na yi abin da ya kamata. Waccan Alhamis ta farko nake so a maido mini, ko na minti biyar ne. Ba abin da zan yi da ita sai in ajiye cocila, in ɗaga labule.